Tirelar Wankin da Na Je Gani a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban samu sakat ba. Duk wanda ya kawo mota wanki sai ya leƙo ta taga ya ce, "Sabi'u, ina tirelar?" A masallaci ma ana sallamewa wani zai matso ya tambaye ni ko gaskiya ne ruwan zafi take fesawa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya kama nasa ya ƙara gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya. Amma wanda yake jiran ya ji na yanke shawara mai kyau, kada ya sa rai sosai.

Sana'ata wankin mota ce, a Daura, a bakin hanyar Zango, a wani fili da ba nawa ba. Na daɗe a wurin da ɗan injina na feshin ruwa da durona da tiyo. Da wannan na yi aure, da shi nake ciyar da gida. Kwatsam mai filin ya aiko cewa zai gina shaguna, in nemi wuri kafin a kawo bulo. Na zaga Daura, duk filin da ke bakin titi ko an gine shi ko ya fi ƙarfina. Matata Rabi ce ta ce, "To in babu inda mota za ta zo ta same ka, kai ka je ka same ta mana."

Daga nan maganar 'yar tirela ta taso: bodi mai taya biyu, a ɗora tanki da inji da tiyo, a ja ta zuwa gidajen mutane. A wanke mota, a wanke kafet, a wanke tsakar gida da faifan sola, ran Lahadi kuma a tafi Mai'adua wajen manyan motocin shanu. Abin da ya rage shi ne, a saya ko a haɗa.

Wani direba mai jigilar fasinja zuwa Nijar ya nuna mini hoto a waya. Ya ce akwai wata a Damagaram, haɗaɗɗiya tun daga kamfani, tana ajiye a gidan wani dattijo, kuma zai sayar. Na kwana ina ganin hoton nan a idona. Kuskuren da na yi shi ne na nuna wa Kawu Ila.

Kawu Ila ƙanin mahaifiyata ne, mai walda ne a kusa da Kusugu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya miƙo mini.

"Ina raye za ka tafi wata ƙasa ka sayo ƙarfe mai taya?"

"Kawu, gani kawai zan yi."

"To mu je tare. Ina so in ga abin da ya fi ƙarfin hannuna."

Haka muka kama hanya, ni mai son saye, shi mai son haɗawa, kowa yana ganin ɗan'uwansa zai dawo da kunya.

Ba mu yi dabara ba da muka tashi ran Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua. Tun kafin Mai'adua hanya ta cushe da shanu da raƙuma da babura masu ɗauke da awaki a gaba da baya. Motarmu tana rarrafe, ni ina kallon manyan motocin nan da kashin shanu ya bushe a jikinsu, ina jin hannuna yana ƙaiƙayi. Kawu kuwa ƙofofin gidajen bakin hanya yake kallo. Duk wadda muka wuce sai ya ce, "Dubi wannan, da tofi aka liƙa ta." Wata tsohuwa da ke bayanmu ta gaji ta ce, "Malam, ko hukuma ce ta aiko ka duba ƙofofi?"

A Kwangwalam muka yi canjin kuɗi. Mai canji ya yi ta lissafi da dala da jaka, amma dalarsu ba tamu ba ce, jakarsu ma haka. Na karɓi takardun na zuba a aljihu, har yau ban san ko na ci riba ko an ci da ni ba.

Da muka tsallaka iyaka, wani jandarma ya zo taga ya ce wa Kawu, "Kartidantite."

Kawu ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya aiki?"

Tsohuwar nan ta ce, "Katin shaida yake nema."

Muka ba shi. Ya ce a buɗe jakar Kawu. Babu riga ko ɗaya a ciki. Tef ɗin awo ne, da alli, da guduma, da baƙin tabarau na walda. Jandarman ya ɗaga tabarau ɗin ya ce, "Kai sudur ne?"

"A'a, Ila sunana."

Aka yi dariya, aka gaya masa sudur shi ne mai walda a can. Jandarman mutumin kirki ne. Ya ja Kawu ya nuna masa wani bencin ƙarfe da ƙafarsa ta karye, wai yaya za a yi da shi. Kawu ya tsuguna ya fara bayani tun daga irin ƙarfen, direbanmu yana ta danna ham, fasinjoji suna hararata kamar ni na haife shi.

A Matamaye aka tsaya cin abinci. Na ce a ba ni burodi, aka miƙo mini wani dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cikinsa kuma iska. Kawu ya gwada shi da haƙori ya ce wannan sai da injin yanka. Muka tsoma a shayi, sai ga shi ya yi daɗi. Abin da na kasa ganewa shi ne Hausar. Hausa ce sarai, har ta fi tamu zaƙi a wasu wurare, amma duk kalmar da ta shafi aikina an canza ta. Fetur isansi ne, jarka bido ce, amalanke sharet ce. Ga wayata ta mutu tun daga iyaka, layinmu ba ya kamawa. Na zama kamar wanda ya shiga gidansu ya tarar an sauya wa kowane ɗaki ƙofa.

Da la'asar muka ga duwatsun Damagaram. A tasha 'yan kabu-kabu suka yanyame mu. Na faɗi kwatancen da direba mai hoton nan ya ba ni, wani ya ce, "Ai Zango za ku."

Kawu ya riƙe jakarsa gam. "Ai daga wajen can muka fito. Ba za a mai da ni Zango ban ga abin da na zo gani ba."

Sai da wani mai shayi ya shiga tsakani muka gane su ma suna da unguwa mai suna Zango. Shi ne kuma ya ara mana wayarsa. Ya ce, "Wa za a kira?"

Sunan da aka ba ni dama ya daɗe yana damuna. Na ce, "An ce wai Mushe Abdu."

Kawu ya ce, "Ni dai ba zan kira ɗan Musulmi mushe ba yana da ransa."

Mai shayin ya ce malamin makaranta ake ce wa haka, girmamawa ce. Kawu bai yarda ba. Har muka baro garin Malam Abdu yake ce masa.

Mushe Abdu dogon dattijo ne siriri mai tabarau, ya yi ritaya daga koyarwa. Ya tarbe mu a zaure kamar ya san mu tun da. Aka kawo buta za mu yi alwala. Ni da na saba da tiyo a hannu na kwarara ruwa yadda nake yi a gida. Ina ɗagowa na ga Mushe yana kallon ƙasar da ta jiƙe. Sai a lokacin na lura da jarkoki a jere a jikin bango, kowace da murfinta a ɗaure. A garin nan ruwa ba abin wasa ba ne. Na ji kunya, na kuma fara tambayar kaina, wane irin mutum ne zai kawo injin wanki garin da ake auna ruwan alwala?

Aka kawo dambu da zogale, da wani kwano na latas da tumatir da ake ci da dogon burodin nan. Na ɗauka in an gama za a kai mu wajen tirelar. Sai Mushe ya jawo ɗan murhu ya fara dafa shayi a 'yar buta, yana zubawa daga sama cikin ƙananan kofuna. Na shanye na farko, mai ɗaci kamar magani, na ce, "Malam, ko za mu leƙa kayan?"

Ya ce, "Ai wannan na farko ne."

Aka yi na biyu, aka yi na uku. Ya tambaye mu damina, ya tambaye mu farashin gero, ya tambayi Kawu ko har yanzu ana ɗiban ruwa a Kusugu. Duk lokacin da na karkato da zance wajen tirela sai ya karkatar da shi wani wuri. Daga ƙarshe ya ce ido ba ya ganin ƙarfe da kyau da yamma, a bari sai da safe. Aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure.

Da hantsi ya kai mu bayan gida. Tana ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe ta da tamfol, an danne gefe da duwatsu. Ya cire duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa, sannan ya yaye.

Ta fi hoton kyau. Farin tanki, jan inji, tiyo a naɗe a kan wani gare mai hannun juyawa, bindigogin feshi a maƙale kowace a gurbinta. Na juya in ga fuskar Kawu, in ji da wane aibu zai fara. Ban gan shi ba. Ya riga ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, ƙura har gemu, ya bi wani layin walda da ɗan yatsa tun daga farko har ƙarshe.

Ya ce a hankali, "Wanda ya yi wannan bai ɗaga hannunsa ba ko sau ɗaya."

Ni kuma, da nake zagaya ta, sai na fara ganin matsaloli. Na gwada ɗaga bakinta, ko motsi ba ta yi ba, alhali tankin babu ruwa. Ni da nake shirin jan ta da keke mai ƙafa uku na haya. Faɗinta ba zai shiga rabin lungunan cikin gari ba. Ba fetur take sha ba, gas ne, kuma tana da wata tukunya da ke dafa ruwa, da wayoyi kamar jijiyoyi. Rubutun jikinta ba Turanci ba ne, Mushe ya ce ba Faransanci ba ne kuma. In wani abu ya lalace, a wane shago zan nemo shi?

Na ce, "Malam, tana tashi kuwa?"

Ya gyara tabarau. "Ni ban san inda ake taɓawa ba. Mai ita ne ya sani."

Kawu bai jira an ce masa ba. Ya sa aka aro batir a maƙwabta, aka sayo gas a kwalba, ya kwance wani abu ya hura ya mayar, ya zuba ruwa jarka ɗaya da izinin mai gida. Ya murɗa makulli, ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta sake. Can sai ta kama. Ba irin ƙarar injina ba ce mai kama da faɗa. Wata murya ce mai kauri, a daidaice, har ƙasa tana ɗan rawa a tafin ƙafa.

Sai ga wata dattijuwa ta fito daga cikin gida da gudu-gudu, ko mayafi ba ta gama yafawa ba, hannunta da garin tuwo. Ta tsaya tana duban bayan tirelar, ta dubi ƙofar gida, sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga mu ne kawai, sai ta dafa ginshiƙin rumfar.

Mushe ya ce, "Mariyama, baƙin nan ne na Daura."

Kawu ya kai hannu zai kashe, ta ce, "Bar shi tukuna."

Inji ya ci gaba da yi. Da ruwan ya kusa ƙarewa Kawu ya kashe. Na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce da mijinta, ba da ƙarfi ba, "In mai kayan ya dawo, me za mu ce masa?" Ta koma ciki.

A zaure Mushe ya ba mu labarin da ya yi ta kauce wa jiya. Ɗansu na fari, Haruna, shi ya kawo tirelar daga ƙasashen arewa, ƙetaren hamada, bayan ya yi shekaru yana aiki a can. Ya yi wanki da ita na ɗan lokaci, tsadar ruwa ta hana shi ci gaba, ya ce zai koma ya nemo abin sayen motar ɗaukar ruwa. Da farko yana bugo waya. Daga baya wayar ta tsaya. An tambayi masu dawowa, wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne.

"Ni na ce a sayar kafin ta ruɓe," in ji Mushe. "Mariyama ta yarda. Wallahi ta yarda, da bakinta. Amma ba ta ji ƙarar ba a lokacin."

Na ce, "To yanzu, Malam, ta sayarwa ce ko ba ta sayarwa ba ce?"

Ya ce, "Ta sayarwa ce. Amma kada ku ɗauka yau."

Na fita in sha iska, kaina ya cika. A bayan kasuwa na ga wani mutum yana wanke babura. Jaki ne da amalanke, duro biyu a kai, da ɗan inji irin nawa sak, har inda nake ɗaure nawa da roba shi ma ya ɗaure. Muka gaisa, sunansa Isufu. Da ya ji daga Daura nake sai ya ajiye tiyo. Ya ce burinsa kenan, ya tara abin da zai tara ya shiga Najeriya a haɗa masa 'yar tirela mara nauyi, domin a can ne masu walda suka iya aiki.

Ya ce, "Kai me ya kawo ka nan?"

Na ce, "Tirela na zo saye."

Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗauka wasa nake yi.

Da na koma na tarar Kawu ya ɗage tirelar a kan duwatsu don kada tayoyin su lalace, yana shafa giris a duk inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe. Inna Mariyama ta aiko masa da fura. Da za mu tafi ta ba mu kilishi a takarda, ta ce wa Kawu, "Allah ya saka da alheri," ni kuma ba ta ko dube ni ba. Ban ga laifinta ba, ni ne mai sayen.

A mota, tun kafin mu fita gari, na ce, "Kawu, ka yi gaskiya. Haɗawa za mu yi. Ƙarama, daidai lungunanmu, da injin da na sani."

Ya ce, "Wa zai haɗa?"

"Kai mana."

"Ni ba zan haɗa maka kwandon kaji ba bayan na ga wancan. Ka jira, in matar ta huce ka saya."

"Da me zan ja ta?"

"Allah zai kawo mota."

"In ta lalace fa?"

"Irin wannan ba ta lalacewa."

Har Kwangwalam muna wannan musu. Duk hujjar da ya ba ni a Daura yanzu ni nake ba shi, duk wadda na ba shi ita yake mayar mini. Wani fasinja ya ce mu tsaya ya gane, wane ne mai waldan a cikinmu?

Rabi ta tare ni da tambaya, na ce mata ni ma ban sani ba. Ita ce ta je har shagon Kawu ta durƙusa ta roƙe shi. Ya yarda don ita, ba don ni ba. Muka sayi ƙarfe, ya fara. Amma aikin da a da yake gamawa kafin azahar yanzu ya zama ciwo. Ya ja layin walda, ya cire tabarau ya duba, ya girgiza kai, ya sa injin yanka ya ɓalle. Na ce, "Kawu, ai ya kama." Ya ce, "Ya kama, amma na ɗaga hannu." Ƙarfen da muka saya don bodi ɗaya, rabinsa ya zama guntaye.

Ana haka Mushe ya bugo ya ce matarsa ta yarda, mu zo. Kafin in gama neman motar da za ta jawo, ya sake bugowa ya ce a ɗan dakata. Ya yi haka ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da ya ce ta yarda sai Kawu ya ajiye aiki, in ya ce a dakata sai ya koma yana yankawa.

Mai fili kuwa bai san wannan ba. Wata safiya na tarar an sauke bulo a daidai inda nake tsayar da motoci. Na ari kura a wajen wani mai ga-ruwa, na ɗora duro da tsohon injina, na tura da ƙafa zuwa gidan wata Hajiya a Tudun Wada da ta daɗe tana cewa in zo in wanke mata kafet. Na isa jiƙe da gumi, amma aikin ya yi, maƙwabciyarta ma ta ce in shiga nata. A hanyar dawowa na biya shagon Kawu in gaya masa, in kuma ga ko an sa wa bodin nan taya. Na tarar da ƙofa a rufe. Maƙwabcinsa ya ce tun da asuba ya ɗauki jakarsa ya tafi tasha.

Da yamma wayata ta yi ƙara, lambar Mushe ce. Na ɗauka, sai na ji muryar Kawu.

"Sabi'u, Malam Abdu ne ya ce in zo in tayar musu da ita. In ba a tayarwa tana lalacewa. Kuma matarsa tana so ta ji."

"Kawu, an kawo bulo. Yau da kura na yi aiki."

"Tsaya ka ji." Ya kara wayar a jikin injin. Ƙarar nan mai kauri ta cika mini kunne, a bayanta kuma ina jin muryar mace tana yi wa wani magana, kamar tana dariya. Ya dawo da wayar bakinsa. "Ka ji yadda take numfashi?"

"Na ji. Tawa fa, Kawu?"

Ya ce, "Kilishi za a ba ni in kawo maka. Ka gaida Rabi."